Tunda Auta Tana Gida

Ranar da aka kawo Baba gidan Auta, ba shawararta aka nema ba, sanar da ita aka yi. Tana tsakiyar aiki ta ji ƙahon mota a ƙofar gida, sau uku a jere, irin na Yaya Babba, babban wansu, wanda ba ya iya jiran kowa. Sai da ta ƙarasa kiran da take kai, ta cire na'urar kunne, sannan ta fito. Kafin ta iso har an shigo da katifa an jingine ta a bangon falo. Ga jakar kaya, ga ledar magunguna, ga Baba zaune yana shafa hannun kujera da babban yatsa kamar mai neman aibinta.

"Mun zauna mun yi magana," in ji Yaya Babba, makullin mota na hannunsa. "Baba ba zai ƙara zama shi kaɗai ba. Shekaranjiya ya ɗora ruwa a wuta ya manta, saura ƙiris gidan ya kama. Ni kin san ofis, in na fita bakwai sai yamma liƙis. Matata ma haka. Yayarki Malama tana makaranta. Ke ce kike gida."

"Yaya, ina gida, amma aiki nake yi."

"Wa ya ce ba kya aiki? Ai shi ya sa muka ce ke. Kina aikinki, kina jin motsinsa. Baba fa ba jariri ba ne. Abinci, magani, shi ke nan. Wata ɗaya ne kacal, kafin mu ga abin da za a yi."

"Ku wa da wa kuka zauna?"

"Ni da Malama mana."

Ta buɗe baki za ta ce ita ma 'yarsa ce, me ya hana a kira ta, sai Baba ya ɗago ya dube ta, fuskarsa ta washe.

"Auta ce? Kai, kin rame. Wa ya sayar muku da wannan kujerar? An cuce ku."

Kowa ya yi dariya, har ita. Cikin dariyar Yaya Babba ya fice.

Auta tafinta ce. Wani kamfani ne ya ɗauke ta, mai haɗa asibitoci na nesa da masu fassara ta waya. Idan aka kawo marar lafiya mai jin Hausa gaban likitan da ba ya jin ta, sai kwamfutar Auta ta yi ƙara, ta danna, ta shiga tsakani. Likita ya faɗi, ta juya. Marar lafiya ya amsa, ta mayar. Daga tara na safe zuwa huɗu na yamma, da hutun rabin sa'a. Sharuɗɗan kamfanin uku ne, kuma sai da ta sa hannu a kansu: ɗaki a rufe, kada a ji muryar kowa sai tata, kuma ba a barin kira a tsakiya. Abin da take ji sirrin mutane ne: matar da aka gaya wa cikinta ya zube, dattijon da ake bayyana wa cewa ƙafar sai an yanke. Kalma ɗaya ta kuskure mata, wani ne zai sha ƙwaya biyu inda aka ce rabi.

Gidan ɗaki biyu ne da falo. Ɗaya na kwana, ɗayan kuma ƙarami, shi ne ofishinta: tebur, kujera, kwamfuta, da bargo da ta rataya a taga don ya tare hayaniyar titi. Baba ya samu falo.

Da maigidanta ya dawo daga ma'ajiyar kayan gini inda yake aiki, ya tarar da katifa a falo, ya gaishe da Baba da ladabi, sannan ya ja ta gefe.

"Mahaifinki ne," ya ce. "Me zan ce? Ni zan riƙa yi masa wanka da safe kafin in fita. Sauran kuma, to, kina nan."

Kwana uku na farko sun tafi lami lafiya. Baba ya yi shekara arba'in yana kafinta, kuma duk abin da mantuwar tsufa ta kwashe masa, ba ta taɓa wannan ba. Yakan manta ya ci abinci, yakan tambayi ina mahaifiyar su Auta ta je alhali ta shekara shida da rasuwa, amma yana taɓa katako zai gaya maka irinsa. Ya wuni yana zagaye gidan da sandarsa, yana ƙwanƙwasa ƙofofi da bayan yatsa, yana girgiza kai.

Rana ta huɗu, tana fassara wa wata mata maganar da ko mijinta ba ta so ya ji, ƙofar ɗakin ta buɗe. Baba ya shigo, ya kama gefen tebur ya jijjiga shi.

"Wannan wane marar kunya ne ya haɗa shi? Ƙusa a ƙafar tebur? Ko ɗan koyo ba ya haka!"

Kafin yatsanta ya kai maɓallin kashe murya, maganar ta riga ta tafi. Matar da ke can ta ce a tsorace, "Akwai namiji a wurin? Wa ke saurare na?" Likitan ya nemi a sauya tafinta.

Da yamma shugabar sashe ta kira ta. Mace ce mai sanyin murya, ba ta taɓa ɗaga mata harshe ba.

"Na saurari kiran," ta ce. "Na gane tsoho ne, ba da gangan ba ne. Amma dole in rubuta. Wannan gargaɗi na farko ke nan. Ki sa wa ƙofar sakata."

Ta sa sakata. Kwana biyu Baba yana murɗa hannun ƙofar yana kiran sunanta, tana jin sa ta cikin na'urar kunne kamar daga ƙasan rijiya, tana juya maganar likita. Rana ta uku ya yi shiru. Ta ce Allah ya kawo sauƙi. Ashe cokali ya ɗauko a kicin, ya zauna a ƙasa da haƙurinsa na mai sana'a, yana kwance ƙusoshin hannun ƙofar da bakin cokalin, ɗaya bayan ɗaya. Da ta fito hutun rana ta tarar ya jera su a kan hankici bisa girmansu.

"Ƙofar nan tana cijewa," ya ce, yana murmushi. "Na kusa gyara miki."

Ta tsuguna kusa da shi ta yi dariya har hawaye ya zubo, daga nan kuma dariyar ta tsaya, hawayen bai tsaya ba.

Wata ɗaya ya cika. Ta rubuta a guruf ɗin gida na waya: "Yaya, watan ya cika. Yaya za a yi?" Aka karanta, ba a amsa ba. Washegari Malama, yayarta mai shugabantar makarantar firamare, ta turo hoton furanni da addu'ar safiya. Ƙarƙashinsa ta rubuta: "Allah ya ba Auta ladan jinya. Ke kam kin kwashe albarka."

Auta ta kira ta.

"Yaya Malama, ba albarka nake ƙi ba. Ko yini biyu a mako ku karɓe shi. Ko ɗaya."

"Auta, yara ɗari huɗu ne a wuyana. In na bar makaranta sa'a ɗaya, sai kin ji labari. Ke kuwa ba mota kike shiga ba, ba rana ke dukan ki ba, kina zaune a inuwa da fanka. Wallahi da zan samu irin aikinki, da na gode wa Allah."

"Ni ma mutane ne a wuyana, Yaya."

"A waya fa."

"Eh, a waya."

"To, ai waya ana ajiye ta a sake ɗauka. Kin ba shi na hawan jinin kuwa? Kada ki riƙa mantawa."

Yaya Babba yakan zo ranar Lahadi, da ledar lemo da ayaba. Ya zauna kusa da Baba, ya gyara masa hula, ya miƙa wa Auta wayarsa ta ɗauke su hoto. Kafin ya tashi hoton ya shiga guruf, dangi na nesa suna ta sa masa albarka. Ranar Lahadi Baba yakan kasance garau, domin ya sha barci, an yi masa aski, gidan kuma a share.

"Kin gani?" in ji Yaya Babba. "Ga shi nan ras. Ke ce dai kike ɗaukar abu da zafi."

"Yaya, a samo mai kula da shi mana. Tara zuwa huɗu kawai. Akwai masu yin wannan aikin."

Fuskarsa ta canja, kamar ta zage shi.

"Bare? Muna raye, mu uku, bare ya zo ya kai mahaifinmu banɗaki? Kina so a ce 'ya'yan kafinta sun gaji da ubansu? Ba da ni ba. Mutumin nan da hannunsa ya ciyar da mu, yatsansa guda zarto ya cinye saboda mu. Yau shi za mu miƙa wa ɗan haya?"

"To, ka tafi da shi mako ɗaya."

"Gidana bene ne, kin sani. Ƙafarsa ba za ta iya ba." Ya duba agogo. "Ki yi haƙuri, Auta. Iyaye ba sa dawwama. Wata rana za ki nemi wannan wahalar ki rasa."

Wannan maganar ce take kashe mata baki kullum, domin gaskiya ce, kuma mai faɗinta ya san ba ta da amsa.

A wata na biyu Baba ya fara fita. Ƙarfe goma na yi sai ya ɗauki sanda ya ce zai tafi shago, masu aiki suna jiran sa. Shagon an rushe shi tuntuni. Ranar farko mai kantin bakin layi ne ya riƙo hannunsa ya dawo da shi. Rana ta biyu ba wanda ya gan shi. Auta ta fito tsakanin kira biyu ta tarar da ƙofar gida a buɗe, takalminsa ɗaya a ciki, ɗaya babu. Ta bazama da silifas, na'urar kunne na rataye a wuyanta, tana tambayar masu wanki da masu faci. Bayan sa'a biyu ta same shi a gindin wani gini da ba a gama ba, zaune a kan bulo, yana koya wa leburori yadda ake duba katako ko ya bushe. Suna ta dariya suna ce masa, "Sai Baba!" Ƙafarsa marar takalmi tana jini.

Kira goma sha ɗaya ya wuce ta ranar. Gargaɗi na biyu ya iso kafin ta gama wanke masa ƙafar.

Daga nan ta fara kulle ƙofar gida da kwaɗo. Ƙarfe goma sai bugu ya fara. Baba yana dukan ƙarfen da sanda, yana cewa, "Ku buɗe min! Me na yi muku? Auta, kin ga sun kulle ni!" Bai san ita ta kulle shi ba. Ita yake kai wa ƙara. Ta ƙara bargo na biyu a ƙofar ɗakin aiki, ta tura tawul a ƙarƙashinta, ta koyi danna maɓallin kashe murya duk lokacin da ba ita ke magana ba, ta buɗe daidai daƙiƙar da za ta yi, ta sake rufewa.

Ta daina cin abincin rana, domin rabin sa'ar na Baba ne: kai shi banɗaki, lallashinsa ya ci, neman inda ya ɓoye magani. Ta daina shan ruwa da safe don kada fitsari ya tashe ta. Kanta ya riƙa sarawa daga ƙeya. Wata rana ta ji kanta tana yi wa Baba Turanci, tana tambayarsa ko ya ƙoshi, shi kuma ya zuba mata ido kamar baƙuwa. Wata rana kuma ta yi wa likita Hausa har jimla biyu kafin ta farga.

Maigidanta ya yi wa Baba wankan safe mako shida ba fashi. Daga nan ya fara makara, ya fara cewa an matsa musu a wurin aiki. Wata safiya ya tsaya a bakin ƙofa yana ɗaure takalmi, bai dube ta ba.

"Ni fa suruki ne, Auta. 'Ya'yansa maza suna nan. Ɗansa namiji, ina nufin. In na yi magana a ce na kori tsoho. In na yi shiru, ga ki kina ƙarewa. Ke ki yi musu magana."

"Na yi."

"Ki sake yi."

Ya fita. Ta ɗauki bokiti da soso, ta kawar da kai, ta yi wa mahaifinta abin da ba ta taɓa zaton za ta yi ba. Ranar hankalinsa na kusa. Ya rufe fuskarsa da tafin hannu har aka gama.

Sai shugabar sashe ta turo saƙo: ranar Laraba za a saurari duk kiranta daga farko har ƙarshe. Idan komai ya tafi daidai, za a goge gargaɗi ɗaya. Idan aka samu matsala, ba sauran abin da za ta iya yi mata.

Auta ba ta rubuta a guruf ba. Ranar Lahadi ta bi Yaya Babba har mota, ta dafa ƙofar don kada ya rufe.

"Yaya, ban taɓa roƙon ka komai ba. Laraba kawai. Ka zo ka zauna da shi daga tara zuwa huɗu. In ba haka ba, aikina ya tafi."

Ya dube ta, ya ga yadda ƙasusuwan wuyanta suka fito, da alama abin ya ɗan taɓa shi.

"Laraba? Ba komai. Zan ɗauki izini. Ƙarfe tara kin gan ni. Ai ba sai kin yi kamar za ki yi kuka ba."

Ranar Laraba ta tashi da wuri, ta yi wa Baba wanka, ta ba shi shayi da burodi, ta jera magungunan rana a kan faranti. Tara saura kwata ta leƙa titi. Tara saura biyar ta kira, waya ta yi ta ƙara. Tara daidai saƙo ya shigo: "An kira taron gaggawa. Sha ɗaya ina nan in sha Allah." Ta kira Malama, ta ce masu duba makarantu ne suka zo. Ta kira maigidanta, ya ce ana sauke siminti, makullin ma'ajiya na hannunsa.

Ta kunna wa Baba rediyo, ta ajiye masa ruwa da sanda kusa da hannu, ta durƙusa gabansa.

"Baba, don Allah ka zauna nan. Yaya yana zuwa."

"Wane yaya?"

"Ɗanka."

"Af, yana makaranta ai," in ji Baba. "Je ki abinki."

Sha ɗaya ta wuce. Sha biyu ta wuce. Baba bai buga ƙofa ba ranar, kamar ya san abin da ake ciki. Kira bakwai ta yi, duk sumul. Har ta fara jin numfashinta yana sauka.

Sha biyu da rabi kira na takwas ya shigo, da jan rubutu a samansa: sashen gaggawa. Tana dannawa kuka ya cika mata kunne. Wata uwa ce, 'yarta mai shekara uku ta samu kwalbar maganin kakarta ta sha. Likitan yana magana da sauri: wane magani ne, ƙwaya nawa, tun yaushe.

"Baiwar Allah, ki saurare ni," in ji Auta. "Ni Bahaushiya ce kamar ki. Likita yana tambaya, wane irin magani ne?"

"Ban sani ba! Wayyo, ban sani ba! Na tsohuwa ne!"

"Na mene ne? Na sukari, na hawan jini, na barci?"

A daidai nan ta ji shi. Ƙarar bokiti da ya kife, sannan wani abu mai nauyi ya bugi tayil ɗin banɗaki. Bango ɗaya ne tsakaninsu. Sandar ta gangara, ta tsaya. Sai shiru.

Ta miƙe tsaye, igiyar na'urar ta ja ta baya. Idan ta fita, sai an nemo wani tafinta, kuma ta san masu Hausa a kamfanin ba su da yawa. Minti goma ne, ko sha biyar. Likitan yana cewa yarinyar ta fara lumshe ido.

"Na zuciya ne," in ji matar. "Ina jin na zuciya ne."

Auta ta juya. Likita ya tambayi launi. Fari, ƙarami. Ta juya. Nawa ne a kwalbar da, nawa suka rage? Matar ta rikice, ta ce talatin, ta ce a'a, ashirin, an buɗe ta ranar Asabar.

"Ki nutsu. Sau nawa tsohuwar take sha a rana?"

"Ɗaya."

"Nawa kika gani a ƙasa?"

Ta bayan bango wata murya ta taso, siririya, ba irin ta mai buga ƙofa ba.

"Auta... Auta..."

Tana tsaye, hannu ɗaya a kan maɓalli, ɗaya a kan hannun ƙofa, ta fitar da adadin daga bakin matar, ta miƙa wa likita, ta faɗi lokacin da abin ya faru. Likitan ya ba ma'aikatansa umarni, sannan ya ce, "Yanzu ki gaya mata abin da za mu yi, muna bukatar amincewarta."

"Auta..."

Ta zare na'urar daga kanta ta jefar a kan tebur. Minti huɗu ke nan da faɗuwarsa.

Ta same shi kwance tsakanin masai da bango, ƙafarsa ta dama ta juye waje, ruwa ya jiƙa masa riga. Ya kama hannunta da ƙarfi.

"Na so in wanke kofin ne," ya ce. "Kada in dame ki."

Mai kantin bakin layi da wani direban tasi ne suka taimaka mata aka ɗauke shi. A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ne ya karye, sai an yi aiki, kuma a shekarunsa kada a sa rai zai sake takawa da kansa. Yaya Babba ya iso ƙarfe uku, da katin taro rataye a wuyansa.

Washegari da hantsi, tana zaune a bencin baranda, shugabar sashe ta kira.

"Yarinyar ta tsira," ta ce. "Na ga ya kamata ki sani. Likitan ya ce bayanin da kika ciro ne ya taimaka. Amma kin bar kiran gaggawa a tsakiya, kuma ana jin muryar mutum a bayanki. Na yi magana da na sama, na gaya musu halin da kike ciki. Sun ce gargaɗi na uku ne. Za a turo a karɓi kwamfutar ranar Litinin. Ki yafe ni."

"Ba laifinki ba ne," in ji Auta. Ta ajiye wayar a cinya, ta zuba wa bango ido.

Da la'asar suka taru a barandar: Yaya Babba, Malama, maigidanta yana tsaye daga gefe. Yaya Babba ne ya fara.

"Ni abin da ban gane ba, kina cikin gidan. Ba kasuwa kika je ba, ba unguwa ba. Taku nawa ne daga ɗakin nan zuwa banɗaki?"

"Yaya, ka ce za ka zo ƙarfe tara."

"Kada ki juya min magana. Ni aiki ne ya riƙe ni."

"Ni ma aiki ne ya riƙe ni."

"Kin ji faɗuwarsa ko ba ki ji ba?"

Da ta ce ba ta ji ba, da maganar ta mutu a nan. Amma ta gaji har ba ta da ƙarfin yin ƙarya.

"Na ji."

"Kika fito nan take?"

"Bayan minti huɗu. Wata yarinya ce ta sha magani, ana..."

Malama ta dafe ƙirji.

"Minti huɗu! Mahaifinki yana kwance a ƙasa yana kiran ki, kina waya da mutanen da ba ki taɓa gani ba? Haba, Auta. Haba."

Auta ta dubi maigidanta. Ya sunkuyar da kai yana duba igiyar takalminsa.

"Abin da ya faru ya faru," in ji Yaya Babba, ya sassauta murya kamar mai yafiya. "Ba za mu ce komai ba, ƙaddara ce. Amma yanzu Baba kwanciya zai yi, sai an juya shi, sai an ɗaga shi. Wannan aikin wayar ba zai haɗu da jinya ba. Mun yi magana da Malama a mota, gara ki ajiye shi."

"Sun riga sun sallame ni. Yau da safe."

Ta jira. Ba ta san me take jira ba; wataƙila wani ya ce sannu.

"To, alhamdu lillahi," in ji Malama. "Kin ga Allah ya kawo mafita da kansa. Dama aikin nan yana cinye ki, dubi yadda kika koma."

"Haka ne," in ji Yaya Babba. "Ni zan sayo gadon asibiti mai tashi, a sa a ɗakin da kike aikin, tunda ya zama fili. Kin ga ya fi masa falo."

Ya duba agogo, ya ce yana so ya riga cunkoson motoci. Ya leƙa ɗakin da Baba yake barci, ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya fito. Malama ta gyara jakarta a kafaɗa, ta bi shi, har ta kai matakala sai ta dawo da sauri.

"Af, na kusa mantawa. Mai rainon ƙaramar 'yata ta ce ƙarshen wata za ta tafi. Tunda yanzu kin samu sarari, sai in riƙa ajiye miki ita da safe. Ba ta da rigima ko kaɗan. Za ma ta ɗebe wa Baba kewa."

Ba ta tsaya jin amsa ba, don ba tambaya ta yi ba. Maigidan Auta ma ya sulale ya bi bayansu.

Ba wanda ya zage ta a cikinsu, ba wanda ya ɗaga mata hannu. Idan ka tambaye su, za su ce suna ƙaunar ƙanwarsu, kuma ba ƙarya suka yi ba. Kowannensu ya tafi gida da zuciya fes: wannan ya yi alkawarin gado, waccan ta yi addu'a, maigidan kuwa ya yi shiru don zaman lafiya. Gobe kowa zai saka kayan aiki ya fita, a gaishe shi a bakin ƙofar ofis, a kira shi da muƙaminsa. Aikin Auta kuwa bai taɓa samun ƙofar da za a gan shi yana shiga ba, shi ya sa da ya mutu ba wanda ya yi mata ta'aziyya.

Wata nas ta leƙo daga ɗakin, da takarda a hannu.

"Ina mai jinyar gado na shida? Ya farka, yana bukatar a canja masa."

Auta ta waiwaya hagu, ta waiwaya dama. Bencin babu kowa sai ita. Ta dafa gwiwa ta tashi.